Yadda Ake Gane Jirgin Yaƙi a Tsohon Hoton Kartum

A gidajen Hausawan Kartum da Gadarif akan ci karo da tsohon hoto mai jirgin sama a ciki, babu kwanan wata. Jirgin da kansa zai iya nuna zamanin, domin Runduna ta 47 ta sojan saman Ingila ta tare a Kartum a 1927, kuma an san jiragenta ɗaya bayan ɗaya.

A sa hoton ƙarƙashin madubin ƙara girma, a fara da fukafuki. In bene biyu ne, sama da ƙasa, sai a koma kan hanci, don nan aikin yake. Hanci mai tsini, rufe ruf, na Fairey IIIF ne, mai injin Napier Lion da ruwa ke sanyayawa. Akan cire masa tayoyi a ɗaura masa ƙafafu masu kama da kwalekwale ya sauka a kan Nilu. In silindodin inji na waje a zagaye, a ƙirga su. Goma sha huɗu a layi biyu Fairey Gordon ke nan, daga 1933. Tara a layi ɗaya, ga tankin mai rataye a ƙarƙashin ciki, Vickers Vincent ne, daga 1936.

A nan mutane suka fi yin kuskure. An mayar da IIIF da yawa Gordon ta hanyar sauya musu inji, saboda haka jikinsu kusan ɗaya ne. In tsayuwar wani ta kare hancin, kada a yanke hukunci da jiki kawai.

Fiffike bene ɗaya, dogo sosai, kusan mita 23, da inji guda da mazaunai biyu a rabe, wannan Vickers Wellesley ne, daga 1939. Irinsa takwas ne jiragen Italiya suka ƙona a filin Gadarif ranar 16 ga Oktoba, 1940.

Hanci mai faɗi da lagireto a gaba kuwa, a duba da kyau, wataƙila DH.9A ne. Irinsa uku Arthur Coningham, wani hafsan sojan saman Ingila, ya jagoranta daga Masar, suka bi ta Kartum da Fashir, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925.

Kada launin tambari ya ruɗe ku: fim ɗin wancan zamani yakan fitar da ja baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya kode.