Yadda za ka yi wa tsatso feshi a gida

Jama'ar Aboabo da Asawase a Kumasi, da damina ta kankama wajen watan Mayu da Yuni za ku ga tsatso ya cika bayi da kicin, ƙwaron nan mai abu kamar almakashi a wutsiya. Ba shi da dafi, laima kawai yake bi, da dare yake fita.

Da farko kafin ma ka taɓa magani, kwashe tarkacen da ke jikin bango, itacen girki, tsofaffin kwali, ganyen da ya ruɓe, ka ɗaga tukwanen fulawa, in famfo na ɗiga a gyara, don wallahi in ka bar laimar nan ko galan guda ka fesa sai sun dawo.

Sai ka je kasuwar Kejetia wajen masu maganin gona ka nemi mai cypermethrin ko deltamethrin, ka duba akwai rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana, a jiki. Na ƙulle a leda ba suna, rabu da shi. Ka haɗa da ruwa daidai yadda aka rubuta, kar ka ƙara wai don ya yi ƙarfi.

Da yamma ake feshin, ba iska ba hadari. Sa takunkumi da safar hannu, bi gindin bango ta waje ka zagaye gidan, bakin ƙofa, taga, gefen kwata. A ciki kuwa tsagar bango da lungu kawai, ban da gado, ban da wajen abinci. Rufe randa da kwanuka, yara da kaji su yi nesa har ya bushe.

Ka gama, wanke hannu da sabulu, ka canza kaya. Kwalbar a ajiye inda yaro ba zai kai ba.