Yadda Ake Neman Kujerar Hukumar Makarantu a Amurka

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke tafiyar da makarantun gwamnati ba. Ƙasar ta kasu zuwa gundumomin makarantu sama da 13,000, kuma mafi yawansu suna hannun wata 'yar hukuma mai mutum biyar, bakwai ko tara, waɗanda jama'ar yankin suka zaɓa. Su ke ɗaukar sufuritandan makarantu, wato babban jami'in da ke tafiyar da makarantun gundumar, su ke sallamarsa, su ke amincewa da kasafin kuɗi da kalandar karatu. Iyayen da ke kukan an sa wa 'ya'yansu jarrabawa ranar Sallah, a teburin nan ake yanke irin wannan hukunci. Idan ranka ya kwanta da neman kujerar, ga hanyar.

Da farko, tabbatar kujerar ta zaɓe ce, kuma ka cancanta

Ba ko'ina ake zaɓe ba. A Boston magajin gari ne ke naɗa 'yan hukumar, a birnin Niyok kuma makarantu suna ƙarƙashin magajin gari tun 2002. Shikago sai a Nuwamba 2024 ta fara zaɓen wasu daga cikin nata. Inda ake zaɓen, a tambayi ko kujerar ta gunduma ce baki ɗaya ko ta wani yanki a cikinta, domin wannan ne zai faɗa maka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa.

Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: ɗan ƙasa, mai shekara 18 zuwa sama, mai rajistar zaɓe, mazaunin gundumar. Teksas tana so ka yi wata 12 a jihar da wata shida a gundumar. Mai katin zama na dindindin bai cancanta ba sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Malami ko direban bas da gundumar ke biya albashi, a yawancin jihohi sai ya zaɓi ɗaya, aikin ko kujerar. Kuma kada ka sa ran albashi. A Teksas ba a biyan ko sisi, wurare da dama ɗan alawus ne kawai.

Na biyu, je ka zauna a taronsu

Doka ta tilasta a yi zaman hukumar a bainar jama'a, kuma ana fitar da ajanda kafin ranar. Ka halarta na wasu watanni kafin ka faɗa wa kowa niyyarka. Ka nemi kundin kasafin kuɗi ka karanta, ko da zai sa ka gyangyaɗi. A nan za ka ga cewa abin da tarayya ke bayarwa kusan kashi goma cikin ɗari ne kacal, sauran daga jiha ne da harajin gidaje, kuma mafi yawan kuɗin albashi ke cinyewa. Ɗan takarar da ya san wannan ba zai yi alkawarin da zai kunyata shi ba.

Za ka kuma gane iyakar ikonka. Ƙuri'a ɗaya gare ka. Ba ka da hurumin korar malamin da ya ɓata wa ɗanka rai, ko shiga aji ka ba da umarni. Wanda fushin abu guda ya kawo shi, yakan gaji tun wa'adin bai yi rabi ba, ga shi wa'adin galibi shekara huɗu ne.

Na uku, takardu

A nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a hau fage ba. Je ofishin zaɓe na yankinku ko wurin sakataren hukumar ka karɓi kundin 'yan takara, ka rubuta ranar rufewa inda idonka zai riƙa gani kullum. Ranar zaɓen ma ta bambanta: Wiskonsin a Afrilu, yawancin gundumomin jihar Niyok a Talata ta uku ta Mayu, Teksas a Mayu ko Nuwamba.

Wasu jihohi suna neman sa hannun masu zaɓe. A jihar Niyok yawancin gundumomi suna son aƙalla 25, ko kashi biyu cikin ɗari na waɗanda suka yi zaɓen baya, duk wanda ya fi yawa. Shawarata, ka tara ninki biyu na abin da aka nema. Za a soke na wanda ba shi da rajista, da wanda ya ƙaura, da wanda adireshinsa bai karantu ba, kuma abokin hamayyarka yana da damar ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka kai takardun da sauran kwanaki a gaba.

Na huɗu, kuɗi

Buɗe asusun banki na kamfe daban da naka. A Teksas sai ka shigar da sunan ma'aji kafin ka karɓi gudummawa ko ka kashe wani abu. A Kalifoniya da zarar kuɗin ya kai dala 2,000 sai ka yi rajistar kwamiti. Kowace gudummawa a rubuta sunan mai ita da adadinta da ranarta.

Akwai tarkon da ya fi kama baƙi. Dokar tarayya ta haramta karɓar gudummawa daga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin, ko da zaɓen ƙaramar kujera ce irin wannan. Kawunka da ke wata ƙasa ya ji kana takara ya ce zai turo nasa, ka gode masa ka roƙi addu'a. Haka nan asusun masallaci ko coci bai halatta ya shiga kamfe ba. Kuma kada zumuɗi ya sa wani daga cikin masoyanka da bai zama ɗan ƙasa ba ya je yin rajistar zaɓe, yana iya jawo masa kora daga ƙasar.

Na biyar, san su wa ke zaɓe

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ofishin zaɓe yana bayar da kundin masu rajista, kyauta ko da ɗan kuɗi. Ba ya nuna wanda mutum ya zaɓa, amma yana nuna zaɓukan da ya fito. Zaɓen hukumar makarantu, musamman idan bai haɗu da na shugaban ƙasa ba, mutane kaɗan ne ke fitowa, kuma kusan su ɗin ne dai kowane karo.

Ɗauki misali. Gunduma tana da masu rajista 20,000, amma a zaɓen baya 2,400 suka fito. Ku biyu ke neman kujera ɗaya. To kana bukatar 1,201, sai ka sa 1,400 a gaba saboda tsaro. Aikinka ya koma nemo waɗannan mutane da sunayensu da lambar gidajensu. Yawancinsu dattawa ne masu gidan kansu, 'ya'yansu sun daɗe da gama makaranta, abin da ya dame su harajin gida. In duk maganarka a kan iyayen yara ta tsaya, ka bar su ga abokin hamayya.

Taron jama'arka da tafin da ake maka a wurin biki suna da daɗi, sai dai ka ƙirga nawa ne a cikinsu ke da rajista a gundumar. Sau da yawa lissafin yakan sanyaya gwiwa.

Na shida, bi gida-gida

Zuwa da kai ya fi aike. Ka tanadi abu biyu ko uku da za ka iya faɗa cikin minti guda: karatun 'yan firamare, ƙarancin malamai, jinkirin bas, duk wanda ka gani da idonka a taron hukumar. Ka faɗi sunanka, ka tambayi mai gida abin da ke damunsa, sannan ka yi shiru ka saurara. Da ka bar ƙofar ka rubuta: yana tare da ni, yana shakka, ko ba ya yi. In ba kowa a gida, rataya takardarka a hannun ƙofa. Kada ka jefa ta cikin akwatin wasiƙa, dokar tarayya ta hana saka abin da ba a biya kuɗin kan sarki ba. Kowace takarda da allon talla su ɗauki bayanin wanda ya biya kuɗinsu.

Facebook da allunan da ake kafawa a gaban gida suna tuna wa mutane sunanka, iyakarsu ke nan. Ƙungiyar malamai ta yankin kuwa goyon bayanta yana da nauyi, domin tana da masu yi mata yawo. Ka amsa tambayoyinta tsakani da Allah, kana sane cewa in ka ci, kai za ka kaɗa ƙuri'a a kan yarjejeniyar albashinsu. In ƙungiyar League of Women Voters, mai wayar da kan masu zaɓe ba tare da bin wata jam'iyya ba, ta shirya muhawara, kada ka ƙi zuwa.

Na bakwai, makonnin ƙarshe

Jihohi da yawa suna fara karɓar ƙuri'a da wuri, a rumfa ko ta wasiƙa, makonni kafin ranar, don haka takardunka su isa gidaje kafin lokacin. Koma kan jerin waɗanda suka ce suna tare da kai, a kira su, a tura musu saƙo, a kai wanda ba shi da mota. A tuna musu su duba har ƙasan takardar ƙuri'a, domin can ake sa wannan kujera, kuma a yawancin jihohi ba alamar jam'iyya kusa da sunanka. Ranar zaɓe masu raba takardunka su tsaya bayan iyakar da doka ta shata, ƙafa 100 daga rumfar zaɓe a Teksas da Kalifoniya.

Ko ka ci ko ka faɗi, akwai rahoton kuɗi na bayan zaɓe, kuma jinkirinsa yana iya jawo tara. A kwashe allunan talla cikin kwanakin da garin ya ƙayyade. In ka ci, kafin rantsuwa ka karanta dokar zaman bainar jama'a ta jiharku, domin a Kalifoniya, alal misali, dokar Brown ta 1953 ta hana rinjayen 'yan hukuma su tattauna aikin gunduma a asirce, ko da ta saƙon waya ne daga wannan zuwa wancan.