Yadda za ka raya bishiyar wardi mai fure ruwan hoda a tsakar gida a Damagaram

Jama'a da yawa a garin nan sun ɗauka wardi fulawar ƙasashen sanyi ce, wai ba ta rayuwa a Zinder sai dai a gani a hoto, kuma ba haka ba ne sam. Tana rayuwa, tana yin fure har ka gaji da tsinka, abin da ke kashe ta a wurinmu abu ukku ne kusan kullum: dasawa a lokacin da bai dace ba, ranar la'asar da ke dukanta, sai kuma ɗan yayyafin ruwan nan na kullum da ba ya kaiwa ga saiwa. Wanda nake magana a kai shi ne wardi mai yin kurmi, wanda yake tasowa da rassa da yawa daga gindi ya kai mita ɗaya ko ɗaya da rabi, furensa ruwan hoda mai ƙamshi, ba dogon nan mai kara guda da ake sakawa a buke na amare ba.

Ka fara da zaɓen iri. Wardin da ya fi suna a duniya wajen ƙamshi shi ne na Dimashƙa, shi ake nomawa a Ɗa'if ta Saudiyya da Kalat Maguna ta Maroko da Isparta ta Turkiyya, da ruwansa ake haɗa zamzam a wanke ɗakin Ka'aba, kuma sai an tara fure wajen tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya na mansa shi ya sa yake da tsadar tsiya. To amma duk wuraren nan kan tudu suke masu sanyi, Ɗa'if kanta ta kusa mita 1,900 a sama, irin nan yana son ya sha sanyi sosai kafin ya yi fure kuma yawanci sau ɗaya yake yi a shekara. Mu a nan wanda ya fi mana shi ne jinsin da ya fito daga wardin ƙasar Sin, kamar Old Blush, ko kuma Rose Edouard da ake nomawa a Indiya da Pakistan cikin zafi irin namu, su suna maimaita fure kuma ba sa jiran sanyi. Na san mai pepiniyer ba lallai ya san sunan ba, don haka kar ka wahalar da kanka, ka duba gidan da ka ga wardi ya shekara biyu ukku yana fure a cikin garin nan, a Birni ne ko Zango ko Sabon Gari, ka yi sallama ka roƙi reshe. Wanda ya riga ya ga bazarar Damagaram ya tsira ya fi duk wani da aka sauke daga mota jiya da fure jibge a kansa.

A nan dole in ja kunne, don maganar rai ce. Akwai itatuwa biyu masu fure ruwan hoda da masu saida fulawa suke kira roz su ma: karya, mai ƙaton gindi kamar ƙaramar kuka, da loriye roz mai dogon siririn ganye da ake jerawa a bakin ma'aikatu. Dukkansu dafi gare su, ba a sa su a shayi ba a shafa su a jiki. Wardi na gaskiya yana da ƙaya, ganyensa 'yan ƙanana ne biyar ko bakwai a jere a kan sili ɗaya, bakinsu da ƙananan haƙora kamar zarto.

Lokacin dashe: daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya. Littattafan Faransa za su ce maka wardi yana barci da sanyi ya farka da bazara, mu namu a juye yake, hunturu ne lokacin da yake jin daɗinsa, dare da sanyi rana ba zafi can, saiwa ta samu wata huɗu tana kama ƙasa kafin Afrilu da Mayu su zo da zafin da ya wuce digiri 40. In ka rasa wannan to jira sai damina ta zauna a Yuli. Amma ka sayi wardi a watan Maris ka dasa, wallahi kuɗinka ka zubar.

Sai wuri. Ka tsaya a tsakar gidanka da hantsi ka ga inda rana take faɗawa, ka sake dubawa da azahar. Ana son wurin da yake samun ranar safe awa biyar ko shida, daga wajen ƙarfe ɗaya ko biyu kuma inuwa ta rufe shi, wato gabashin ɗaki ko gabashin katanga. Jikin katangar siminti da ke kallon yamma kuwa kar ma ka fara, tana shan rana wuni guda ta dinga huro zafi har bayan isha'i, ganyen sai ya ƙone ta gefe-gefe. Kada kuma ka kai shi gindin bedi don neman inuwa, saiwar bedi za ta shanye ruwan da takin duka ta bar shi a tsamure. In gidan haya kake ko kuma ƙasar gidan dutse ce, kamar yadda take a unguwanni da yawa na garin nan, rabin tano ko babbar tukunyar ƙasa ta isa, a huda ƙasanta dai sosai.

Rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi, in guda nawa ne a bar mita ɗaya tsakani. Ƙasarmu jigawa ce, ka zuba ruwa yanzu anjima ka neme shi ka rasa, don haka sai an gyara ta: kashi biyu ƙasar ramin, kashi ɗaya takin tumaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, sai ɗan laka ta bakin tabki a marmashe a gauraya don ta riƙe danshi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma shi ke gayyato gara. Toka ma da wasu suke zubawa da yawa don gara, a rage, wardi yana son ƙasa mai ɗan tsami-tsami ita kuma toka kanwa-kanwa take mayar da ita, daga nan sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, alamar ya kasa jan sinadarin ƙarfe ke nan. Ka jiƙa ramin kwana biyu kafin dashe, ka yi dashen da yamma, a yanka ledar da reza a zare ta ba tare da ƙasar gindin ta watse ba, a binne daidai inda ƙasar leda ta tsaya.

Yanzu maganar ruwa, wadda duk ɗan Zinder ya san zafinta, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, bido a hannun 'yan ga-ruwa kuma ya hau farashi da bazara. Wani zai ce ina mutum ya ga ruwan ba fulawa? Gaskiya ne, shi ya sa ban ce ka dasa ashirin ba, gindi biyu sun isa gida. Kuma abin da ya fi min aiki shi ne tulu. Ka samu tulun ƙasa irin na Mirya, wanda yake tsattsafo da ruwa ba wanda aka shafe da fenti ko siminti ba, ka binne shi har wuya kamar taƙi ɗaya da rabi daga gindin, ka cika shi ka rufe bakin da faifai ko murfin kwano saboda sauro. Ruwan yana fita a hankali ta jikin tulun kai tsaye zuwa ƙasa inda rana ba ta kaiwa, in ka tona bayan wata biyu za ka tarar da fararen ƙananan saiwoyi sun nannaɗe jikin tulun. Da hunturu cikawa sau biyu a sati ya isa, da bazara duk kwana biyu, ka dai riƙa ɗaga murfin kana leƙawa.

In babu tulu, to ka yi wa gindin kwalbati na ƙasa zagaye ka juye bokiti guda na lita 10 a lokaci ɗaya da sassafe, ka bari sai saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin ka ƙara. Buta ɗaya safe da yamma ba ban ruwa ba ne, saiwar sama take dawowa neman danshi sai rana ta dafa ta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero duk suna yi, ka aje bokiti a wurin da ake alwala ka ga abin da za ka tara a wuni. Ruwan wanki mai omo ko jabel kam a'a. Sannan a rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganyen bedi kaurin yatsu huɗu, a bar ɗan fili kada ya taɓa jikin itacen. Karan gero kar a sa, abincin gara ne.

Taki ba wuya: cikin hannu biyu na ruɓaɓɓen taki duk wata biyu. Mai son angire ya sa cokalin miya ɗaya na mai lamba 15-15-15 nesa da gindi bayan ya yi ban ruwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu da kuma cikin damina. Afrilu da Mayu ba taki ko kaɗan. A watannin nan ba fure kake nema ba, so kake ya rayu kawai, in ya fidda ƙananan fure masu kodewa ma tsinke su tun suna toho, in rana ta yi yawa ka kafa masa 'yar rumfar zana ko tsohon gidan sauro ta yamma.

Askin wardi shi mutane suka fi jin tsoro, suna ganin kamar ɓarna ce a yanke reshe mai rai. Ba ɓarna ba ce, furen a kan sabon reshe yake fitowa. Shekarar farko ka ƙyale shi, busasshe kawai za ka cire. Daga ta biyu, ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke, ka ɗauko almakashin lambu mai kaifi ka goge shi da alkol. Fara da matattu da sirara da waɗanda suka gitta suna gogar juna, tsakiyar ta buɗe iska ta ratsa, sauran manyan rassan huɗu ko biyar a rage kashi ɗaya cikin ukku na tsawonsu. Dubi reshen da kyau, a hammatar kowane ganye akwai ɗan ido ja-ja kamar ƙwayar gero, ka zaɓi wanda yake kallon waje ka yanka rabin santimita a samansa a karkace. Cikin kwana goma za ka ga idon ya kumbura ya fashe da jan toho, bayan sati shida zuwa takwas fure, wato daidai Disamba da Janairu lokacin da launinsa ya fi fita ƙamshin kuma ya fi daɗewa. Duk furen da ya gama, a yanke shi har zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar, sai wani ya biyo. In naka mai aure ne, wato an ɗaura shi a kan gindin wani, ka ga wani reshe ya ɓullo daga ƙarƙashin ɗaurin da ganye daban, fizge shi tun daga tushe.

Rassan da ka yanke kar ka zubar, su ne irinka. Mai kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, a cire ganyen ƙasa a bar biyu a sama, a soke rabinsa cikin leda mai rairayi da ɗan taki, a kifa masa gorar ruwa ta roba da aka yanke gindinta, a aje a inuwa. Sati huɗu zuwa takwas yake kafin saiwa, kuma ba duka ke kamawa ba don haka ka sa da yawa. Don Allah a hana yara zarowa su duba.

Maƙiyansa kuwa, akuya ce ta ɗaya, ƙayar ba ta dame ta ba ko kaɗan, minti biyar aka bar ƙofa a buɗe ta gama da aikin shekara, sai a kewaye da giriyaji ko ƙayar magarya. Darɓa tana taruwa a kan sabon toho da sanyi, ita da ruwa ma ana wanke ta. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne jan gizo-gizon nan ƙanƙane da yake zuwa da ƙurar hunturu da zafi, za ka ga ganye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, juya bayansa ka ga 'yar saƙa. Maganinsa wanke bayan ganyen da safe sau biyu a sati, in ya ƙi a daka 'ya'yan bedi cikin hannu biyu a jiƙa a lita 5 ya kwana, a tace a fesa da yamma. Da damina kuma in baƙaƙen ɗigo suka fito a ganye, tsince su ka ƙona, ka daina jiƙa ganyen da dare.

Amfaninsa ya wuce ado. Amma sharaɗi, furen da za a ci ko a shafa kada ya zama an fesa masa maganin ƙwari na kanti, shi ya sa na buke da ake saidawa ba ya yi. A tsinka da sassafe kafin rana ta fito, lokacin da ya buɗe rabi. A shanya filayen furen a kan faifai a cikin ɗaki, kwana biyu ukku da iskar hunturu sun bushe ƙarau, a zuba a kwalba, in an zo shayi na biyu a jefa ɗan tsunkule a barrad tare da na'ana'a. Uwayenmu mata masu haɗa humra da turaren wuta su ma suna sa busasshen a haɗinsu. Ruwan wardi na gida kuma ga yadda ake yi: a aje dutse mai faɗi a tsakiyar tukunya a ɗora ƙaramin kwano a kai, a zuba fure kewaye da ruwan da zai ɗan rufe shi, a kifa murfin a juye a ɗora ƙanƙara a kansa, wuta kaɗan-kaɗan na minti 30 zuwa 40. Tururin yana haɗuwa da sanyin murfi ya ɗiga cikin kwanon, fari tas mai ƙamshi. A juye a kwalba mai tsabta a sa a firijo, a yi kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare cikin 'yan satuttuka tunda ba a sa masa komai na hana lalacewa ba, kuma in kuran ya daɗe bai dawo ba a shinshina kafin a shafa a fuska.