Yadda Ake Kai Bishara Gidajen Yari a Sudan

Mai bi Bahaushe da ke zaune a Sudan, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin agaji, idan umarnin Ibraniyawa 13:3 na tunawa da ɗaurarru ya kama zuciyarsa, ya kamata ya fara neman ikilisiyar ƙasar kafin ya doshi ƙofar gidan yari. Baƙo ba shi da hurumin shiga da sunan wa'azi shi kaɗai, amma ikilisiyoyin da hukuma ta sani, kamar Katolika da Angalikan da Ikilisiyar Kristi ta Sudan, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SUM (Sudan United Mission) a duwatsun Nuba, wato mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar COCIN a Filato, suna iya rubuta wa shugaban gidan yari su nemi izini. Sai ka kai wa fasto takardar shaida daga ikilisiyarka ta gida, ka tabbata takardar zamanka ba ta ƙare ba, sannan ka shiga a matsayin mai rakiya har gandirobobi su saba da fuskarka.

Batun doka yana bukatar natsuwa sosai. A watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke sashe na 126 na dokar laifuffuka ta 1991, wanda ya tanadi kisa kan ridda, sashen da aka yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukunci da shi a 2014 har ta haihu a gidan yarin mata na Omdurman. Sai dai juyin mulkin Oktoban 2021 da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sun dagula al'amura, har fursunoni suka watse daga gidan yarin Kober na Bahri a makonnin farko na yaƙin. Saboda haka, a Fot Sudan kake ko Kasala ko Gadarif, bi abin da hukumar wurin ta rubuta maka, kada ka wuce shi. Kada ka shiga da kyamara, kada ka naɗi murya, kada kuma ka fito wa kowa da wasiƙa a ɓoye. An kama Petr Jasek, wani Kirista ma'aikacin agaji ɗan Jamhuriyar Czech, a Khartum a Disambar 2015, aka tuhume shi da leƙen asiri, aka yi masa afuwa a Fabrairun 2017, amma Fasto Hassan Abdurrahim da aka ɗaure tare da shi bai fito ba sai a watan Mayu. Baƙo yana da ƙasar da za ta nemo shi, ɗan gida kuwa shi ne yake kwana a ciki, kuma ina ganin rashin imani ne mutum ya jawo wa masu masaukinsa irin wannan.

Yawancin masu bi da za ka tarar 'yan Nuba ne da 'yan Sudan ta Kudu, don haka Littafi Mai Tsarki na Larabci ya fi amfani, na Hausa kuma a ajiye wa 'yan Nijeriya da Nijar. A miƙa littattafan ga gandirobobi su duba tukuna. Wa'azi ya zama gajere, a bar lokaci ga waƙa da addu'a da sauraro, kuma kada ka tambayi mutum laifin da ya kawo shi sai in shi ya buɗe maganar.

Hausawan Sudan, na Maiwurno da sauran garuruwa, kusan dukansu Musulmi ne, kuma idan ɗaurarre ya ji harshensa zai matso. Ka gaishe shi da mutunci, ka tambayi lafiyarsa da iyalinsa, ka ba shi sabulu da magani kamar kowa, ba tare da sharaɗin ya zauna sujada ba. Ƙa'idojin Mandela kan kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ba fursuna damar ganin malamin addininsa, sun kuma ce a mutunta shi idan ya ƙi ziyarar. Wanda ya yi tambaya da kansa a amsa masa da gaskiya, amma mayar da yunwar ɗaurarre ƙugiya abu ne da ke zubar da darajar bishara.

Akwai waɗanda bashi ko cek marar kuɗi ko tara ko diyya ke riƙe da su, waɗanda doka ta ce su zauna sai an biya. A nan baikon ikilisiya yana iya fitar da mutum, muddin an bi ta hannun lauya da kotu an karɓi rasit. Ɓangaren mata kuwa aikin zumuntar mata ne, su riƙa kai madara da tufafin jarirai saboda yaran da ke tare da iyayensu. Idan ka samu ɗan ƙasarku wanda danginsa ba su san inda yake ba, nemi yardarsa ka sanar da ofishin jakadanci, domin Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ta ba jami'an ƙasarsa damar ziyartarsa, sannan ka tambayi ranar sakinsa domin a tanadar masa masauki da kuɗin mota tun kafin ta zo.