Za Ka Sake Zana LSAT? Ga Yadda Za Ka Tsara Lokacin Miƙa Takardunka

Sakamakona na farko na LSAT, jarrabawar neman shiga makarantar lauyoyi a Amurka, ya fito ne a ƙarshen Agusta, ina wurin aiki. Na fita bakin ƙofa na buɗe waya, na ga 157. Makarantun lauyoyin da na sa wa ido, ɗalibansu na tsakiya suna da 163 zuwa 165. A tsaye a wurin na shiga shafin LSAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, don in yi rajistar zama na gaba. Na tarar an rufe rajistar Satumba tuntuni, ta Oktoba ma an rufe 'yan kwanaki kafin nan. Sai Nuwamba. Yanzu duk ƙanenmu da ya same ni a nan Bronx, cikin birnin New York, da maganar karatun lauya a Amurka, da wannan labarin nake fara masa.

Ana rufe rajista makonni da dama kafin ranar jarrabawa, sakamako kuma sai ya yi kamar mako uku kafin ya fito. Saboda haka in dai ka fito daga jarrabawa zuciyarka ba ta kwanta ba, ko kuma tun a gwajin gida kana ganin makinka na hawa yana sauka, yi rajistar zama na gaba kafin ka ga sakamakon. Idan maki ya yi kyau sai ka janye. Asarar kuɗin rajista ta fi sauƙi a kan asarar wata biyu. Wanda yake wajen Amurka da Kanada ya ƙara lura, domin ba kowane zama ne ake buɗe wa 'yan waje ba.

Me ya sa wata biyu ke da tsada haka? Yawancin makarantun suna buɗe ƙofa a watan Satumba, kuma ba sa jiran ranar rufewa kafin su fara ɗauka. Kamar mota ce a tasha: tana lodi a hankali, wanda ya zo da wuri ya zaɓi kujera, wanda ya zo a makare ya samu abin da ya rage. A takarda za ka ga ranar rufewa Fabrairu ce ko Maris, wasu har Afrilu da gaba. Amma kafin nan an ba da gurabe da yawa, kuɗin tallafin karatu ma an raba kaso mai tsoka.

Wannan ne ke sa yara su firgita su miƙa takardu a Satumba da makin da bai kai ba. Ban goyi bayan haka ba. Tun 2006 ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, take karɓar mafi girman makin kowane ɗalibi a rahoton makarantu, don haka shi ne makin da ya fi damunsu, ko da yake suna ganin duk zaman da ka yi. A jarrabawar da makinta ya tashi daga 120 ya tsaya a 180, ƙarin maki huɗu ko biyar yana iya sauya amsa daga "a'a" zuwa "e", ko ya kawo tallafin da da ba za a ba ka ba. A ganina 164 a farkon Disamba ya fi 157 a Satumba nesa ba kusa ba.

Mu da muka yi digirin farko a gida, abin ya fi shafarmu. LSAC ba ta lissafa mana matsakaicin maki irin na waɗanda suka yi jami'a a nan. Ana duba takardunmu ne a sa su a ɗaya daga cikin matakai huɗu, daga fitacce zuwa ƙasa da matsakaici. Lambar da za su auna ka da ita kafaɗa da kafaɗa da sauran masu nema ita ce LSAT kawai.

Ga yadda na yi a watanni ukun nan na jira, kuma shi nake so ka yi tun kafin ka kai inda na kai. Ka gama komai, ya zamana maki kaɗai ake jira. Buɗe asusun CAS, wato sashen LSAC da ke tattara takardun mai nema ya tura wa makarantu. Nemi jami'arka ta aika takardar sakamakonka kai tsaye, don ba a karɓa daga hannunka. Tawa sai da ta ci mako goma sha ɗaya. Yayana ya je ofishin da ke gida sau huɗu, kullum a ce mai sa hannu ba ya nan, kuma bayan ta iso sai da aka ɗauki wasu makonni ana tantance ta. Da na bari sai na ga makin Nuwamba, da shekarar ta wuce ni. Malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida ka gaishe su tun Yuli, ka ba su lokaci cikin ladabi. Rubutun bayanin kanka ka gama shi a Satumba. Kar ka manta da sashen rubutu na jarrabawar, wanda ake yi daban a kwamfuta: in babu shi a fayil ɗinka, ba za a sakar maka maki ba.

Sai babbar tambaya: ka miƙa yanzu, ko ka jira sabon maki? Ɗauko rahoton 509 na kowace makaranta, wanda ABA ta wajabta musu bugawa duk shekara, ka duba makin tsakiya. Inda makinka na yanzu ya kai shi ko ya wuce, miƙa yau, ka bari su duba ka a haka. In sabon maki ya fi, sai ka koma musu da shi ka nemi ƙarin tallafi. Inda kuwa kake ƙasa, miƙa takardun amma ka nuna ranar zaman da ka yi wa rajista. A nan makarantu sun bambanta. Wasu da sun ga kana da zama a gaba sai su ajiye fayil ɗinka har maki ya zo, wasu kuwa za su yanke hukunci da abin da ke gabansu sai in ka roƙa. Kar ka yi zato. Na tura wa makarantu shida imel mai layi uku, na ce ga sunana, ga lambata ta LSAC, ina roƙon a dakata har sakamakon Nuwamba. Biyar suka amsa cikin mako guda, ɗaya sai da na kira.

Zaman Oktoba lafiya lau ne, na Nuwamba ma bai makara ba. Janairu bakin gaɓa ne: makarantu da yawa suna karɓa, amma sakamakon zai same ka motar ta kusa cika. Wanda ke son shiga tsarin yanke shawara da wuri, wanda in an ɗauke ka dole ka je, ya sani galibi ana rufe shi ne a tsakiyar Nuwamba, don haka makin Oktoba ko na kafinsa yake bukata. Idan kuwa Janairu ta zo gwajin da kake yi a gida bai wuce tsohon makinka da aƙalla uku ko huɗu ba, kuma a jere, shawarata ka haƙura da bana. Zauna ta Afrilu ko ta Yuni, ka zama cikin na farko a Satumba mai zuwa. Zaman ma ƙidayayye ne, sau biyar a cikin shekara biyar, sau bakwai a duk rayuwa, kuma wanda ka soke makinsa yana cikin lissafi.

Nawa sakamakon na Nuwamba ya zo 164. Da yake komai na cikin fayil, a daren na sake tura wa makarantun nan shida imel cewa maki ya shiga, su ci gaba. Amsar farko ta iso a mako na biyu na Janairu.