Yadda ake tatsar zaren zinariya daga gizo-gizon Madagaska

Gizo-gizon da nake nufi shi ne mai jajayen ƙafafu na tsibirin Madagaska, wanda masana ke kira Trichonephila inaurata. Yanarsa zagayayya ce, zarenta kuma ruwan zinariya ne tun daga cikin mai shi, ba rini.

Mace za ka nema. Ita ce ƙatuwar da ke tsakiyar yana, kanta a ƙasa. Namijin ɗan mitsitsi ne a gefe, ƙyale shi. Ka fita da sassafe a damina, wadda a can take kamawa daga Nuwamba zuwa Afrilu, da doguwar gora. Kowace ka kama, ba ta gwangwaninta ita kaɗai. Masu tsimin kuɗin gwangwani kan zuba su wuri guda, kafin su iso gida manyan sun cinye ƙananan.

Riƙo shi ne inda ni ma na sha wuya. Zaren yana fitowa ta wasu 'yan tsiraye a ƙarshen cikinta. Ka shafa wurin da yatsa ko tsinke a hankali, sai silin ya manne. To da zarar ta ji ana ja, sai ta miƙo ƙafar baya ta tsinke shi. Sabon shiga yakan ɗauka zaren ne ba ƙwari, ya ƙara matse ta, har ya fasa mata ciki. Maganin shi ne ɗan katako mai tsagi a ƙugunta, ƙafafu ta wancan gefe, ciki ta wannan. Wani limamin coci Bafaranshe, Paul Camboué, shi ya yi fice da wannan aiki a ƙarshen ƙarni na 19. Tsagin ya riƙe, kada ya danne. In ka ga ta naɗe ƙafafu ta yi laƙwas, sassauta nan take.

Sai naɗi a kan mazari, da hannu ɗaya-ɗaya, ba fizga. Ni ban yarda da inji mai lantarki ba. Zare ya fara yankewa, ta ƙare ke nan, mayar da ita inda ka ɗauko ta a ranar.

Sili ɗaya ba ya saƙuwa. Simon Peers da Nicholas Godley, waɗanda suka farfaɗo da wannan aiki a Madagaska, gizo-gizo 24 suka riƙa tatsa lokaci guda, su murɗe sili 96 ya zama zare ɗaya. Mayafin da suka baje a New York a 2009 ya ci gizo-gizo sama da miliyan ɗaya.