Yadda sabon direban babbar mota zai samu aikin kwana a gida a Garwa da Marwa

A arewacin Kamaru, wanda ya karɓi lasisin C, wato permin motar kaya da ta haura kilo 3,500, yawanci hankalinsa na kan tirelar da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Njamena. Akwai kuɗi a wannan hanya, amma direba kan yi mako biyu ko fiye bai ga iyalinsa ba, kuma masu motoci ba sa damƙa wa sabon hannu tirela. Aikin da ake fita da asuba a dawo kafin isha'i daban yake, wurin nemansa ma daban.

Fara da lissafin tazara, domin ita ce ke raba gardama. Daga Garwa zuwa Pitowa kusan kilomita 15 ne, Ngong kusan 40, Figil da Gidar kusan 100. Duk waɗannan ana zuwa a dawo a yini ɗaya, ko da layin lodi ya ɗan ja. Marwa kuwa ta haura kilomita 200, Ngaundare ta kusa 280, ga kuma gangaren dutsen nan na kusa da ita da ke cinye birkin mota mai nauyi. Idan mai mota ya ce maka kullum a gida za ka kwana, alhali kayansa tsakanin Garwa da Ngaundare suke, to daɗin baki ne.

Tifa, wadda a nan aka fi kira ben, ita ce ƙofar da ta fi buɗewa ga sabon direba. A Garwa yashin Binuwai ake ɗiba, a Marwa kuma na Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga idan ruwa ya janye, sai tsakuwa da jar ƙasa na masu gini. Ba a neman wannan aiki da takarda. Ka je inda tifofi ke tsayawa jiran ciniki tun bayan sallar asuba, ka gaida shugaban wurin da manyan direbobi, ka faɗi wanda ya koya maka mota da unguwarku. Gobe ka sake zuwa, jibi ma haka. Ranar da wani direba ya kwanta rashin lafiya ko ya tafi biki, wanda ido ya saba da shi ake miƙa wa makulli. Sau da yawa za a fara ɗora ka a matsayin yaron mota ko direba na biyu na wata biyu zuwa uku. Kada lasisin da ke aljihunka ya sa ka raina wannan, a nan ne za ka san hanyoyin shiga rafi da masu sayen yashi.

Mai mota ba ya tsoron rashin iya tuƙinka kamar yadda yake tsoron rashin wanda zai tsaya maka. Nemi dattijo ɗaya, direba ko bakanike da aka sani, wanda zai ce shi ya san ka. Maganarsa ta fi kowace takarda nauyi a tasha.

Kamfanoni kuwa takarda suke so. Haɗa kwafin lasisi da katin ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi wadda ba ta wuce wata 3 ba, shaidar lafiya daga likita, da gajeriyar wasiƙar neman aiki da Faransanci. Yi rajista a ofishin FNE, hukumar samar da aikin yi, tana da ofis a Garwa da Marwa da Ngaundare. Wuraren da suka cancanci zuwa su ne masu rarraba lemo da fulawa da sukari ga shaguna, manyan dillalan siminti da ke ɗaukowa daga masana'antar Figil, motocin kwashe shara na HYSACAM, da kamfanonin gyaran hanya. Lokacin kakar auduga, daga wajajen Disamba zuwa Afrilu, ana jigilar auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa masana'antun gurza na SODECOTON, kuma masu motocin haya kan buƙaci ƙarin hannu. Amma aikin kaka ne, yana ƙarewa, kuma wani lokaci layi kan kwanar da mutum a ƙauye. Tankar mai kam kada ka ɓata takalminka yanzu, sai ka yi shekaru a kan sitiyari.

Ranar gwaji, tun kafin ka hau ake kallonka. Zagaya motar, duba bakin mai da ruwan lagireto, bubbuga tayoyi, taɓa notocin ƙafa. Ja zaren da ke ƙasan tankin iska ruwa ya fita, domin ruwan da ya taru a ciki shi ke lalata bawul ɗin birki. Idan ka tayar da inji, kada ka motsa sai allurar iska ta hau inda ya kamata kuma ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Sannan za a sa ka ja da baya ta ƙofa mai ƙunci, a nan aka fi faɗuwa. Idan ba ka ga bayanka da kyau ba, sauka ka duba, babu mai rage maka maki a kan haka.

Tifa tana da nata tarkon. Busasshen yashi kan kai kusan tan 1.6 a kowace mita kubik, jiƙaƙƙe kuma ya doshi tan 2, saboda haka bodin da ya ɗauki busasshe lafiya zai iya karya sifirin idan aka cika shi da jiƙaƙƙe. Kada ka ɗaga bodi sai motar na tsaye daidai a ƙasa mai tauri. Idan taya ɗaya ta nutse, ko yashi ya manne a gefe ɗaya, nauyin kan rinjaya sama motar ta kife. Dubi wayar lantarki da ke sama kafin ka ɗaga, ka tabbata ƙofar baya ta buɗe, bayan juyewa kuma ka cire giyar famfo, bodi ya zauna sarai kafin ka tafi. A cikin rafi, bi sawun motocin da suka riga ka. Idan ta fara tona, tsaya. Ƙara wuta binne ta yake yi, ya kuma ƙone kuloci.

Kafin ka amsa, zauna da mai motar a gaban wanda ya tsaya maka a yi magana filla-filla. Albashin wata ne ko kuɗin sahu? Idan na sahu ne, me za ka samu ranar da mota ke gareji, ko da damina idan rafi ya cika aka kuma rufe hanyoyin ƙasa ga manyan motoci bayan ruwan sama? Lita nawa na gas ake ba ka a kowane sahu, kuma wa ya auna? Wa ke biyan sefa 500 na shingen hanya, da facin taya, da tarar sikeli idan mai motar ne ya ce a ƙara lodi? Ina motar ke kwana? Idan garejinta na wancan gefen gari, kuɗin babur na safe da dare zai ci wani abu daga abin da kake samu. A kamfani, tambayi ko za a yi maka rajistar CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, ka kuma karɓi kwantiragi a rubuce mai nuna tsawon lokacin gwaji.

Takardun motar ma ka gan su da idonka: kat giris (takardar rajistar mota), inshora, da shaidar duba lafiyar mota, ka karanta ranar ƙarewar kowacce. Idan jandarma suka tsayar da mota a hanyar Pitowa, lasisinka za su riƙe, mai motar yana gida. Ka kuma ajiye ɗan littafi a aljihu kana rubuta kwanan wata, yawan sahu, litar gas da kuɗin da ka miƙa, mai mota ko wakilinsa ya sa hannu duk yamma.